Shekarar da Wuta Ta Daina Cizon Maigidana

Bangon ɗakina shi ne bangon garejin maigidana. Ta ciki gadona ne da jeren kwanukana, ta waje kuma rumfar kwano ce da ramin da yake shiga ya leƙa ƙarƙashin mota. Tun da aka kawo ni gidan nan daga Yola, tamu ta nan ƙasar Karaye, har furfura ta cinye mini kai, babu maganar da aka yi a rumfar nan wadda ba ta ratso bangon ta same ni ba. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka cire ni. Amma Allah bai hana ni kunne ba, kuma ni ba mai yawan surutu ba ce, sai ya zamana abin da ya shiga ya zauna.

Da fari sunayen kayan mota haushi suke ba ni. Sai in ji ana ta fulogi, kwayil, kafireta, kamar ana kiran 'ya'yan wasu baƙin da ba su shigo sun gaishe ni ba. A hankali na san su yadda amarya take sanin dangin miji: ta fara jin suna, sannan ta ji hali, fuska sai daga baya. Na san kafireta mai son tsabta ce, ɗan datti kaɗan ke sa ta fushi. Na san batir ragon tsoho ne da sanyin safiya. Fulogi kam na ga fuskarsu da wuri, domin Malam, haka nake kiran maigidan, yakan shigo da waɗanda mai ya jiƙa ya tura su cikin garwashina su bushe.

Ranar da na fara yi masa faɗa a kan ya cika mini murhu da warin fetur, bai tashi daga tsugunon ba. Ya ce, "Ke 'yar Yola, da kike wannan faɗan, ai aikinmu ɗaya da ke. Me tuwonki yake so kafin gari da ruwa?"

Na ce, "Wuta mana."

"Ita wutar me take so?"

"Itace da iska, da wanda zai ɗebo garwashi daga maƙwabta."

"To kin gama koyon gyaran mota. Fetur ne itacen, iska dai iska ce, fulogi ne mai kawo garwashi. In kin ji mota ta ƙi tashi, ɗaya cikin ukun nan ne ya yi yaji."

Na ce masa tunda aikinmu ɗaya ne, ya kwashe ƙarafansa ya je ya gasa su a nasa murhun. Ya yi dariya, ya kwashe, washegari ya dawo da wasu.

Cikin ukun nan, wuta ce gwanintarsa. Yakan ce wuta sawunta ake bi, kamar akuyar da ta ɓace, ba a tsallake gida. Daga batir take fitowa, ta bi ta makulli, ta shiga kwayil. Kwayil wani baƙin gwangwani ne dogo, shi ne yake karɓar 'yar ƙaramar wutar batir ya mayar da ita mai ƙarfi, ya turo ta ta cikin waya guda mai kauri. Wayar nan ta kai ta distiributa, wadda take da hula a kanta. Ita ce mai rabon tuwo: wuta ɗaya take karɓa, ta raba wa fulogi huɗu, kowa da wayarsa, kowa da lokacinsa. In ta ba wani kafin lokacinsa ya yi, sai ki ji mota tana tari tana harbi kamar bindigar maharbi. Duk wannan a kunne na tara shi, daga abin da yake faɗa wa masu mota da yaran da ya koyar.

Yadda yake gwada wutar kuwa shi ne abin da nake so in ba da labari a kai. Sauran makanikai sukan zare waya su kusantar da bakinta jikin injin, a murɗa makulli, su duba tartsatsin da zai yi tsalle. In shuɗi ne yana ƙara tas-tas, lafiya. In ja ne kamar wutar kara, ya yi rauni. Malam ya san wannan, amma yana cewa da rana tsaka ido yana ƙarya, yatsa ne ba ya ƙarya. Sai ya ɗora kan manuniyarsa a bakin wayar, ya ce wa mai mota, "Buga." In kwayil na da rai, wutar ta cije shi, sai in ji ya daka tsalle ya ce, "Ja'ira!" Mutanen rumfa su kwashe da dariya, shi kuma yana yarfa hannu. Ina cikin ɗaki ina tsince wake, da na ji kalmar nan na san kwayil ya fita daga zargi, za a wuce gaba. In kuwa aka buga na ji shiru, na san abin da zai biyo baya: "Kwayil ɗinka ya mutu, sai ka nemo wani."

Ban taɓa yarda da wannan ɗabi'a ba. Na sha ce masa mutum mai hankali ba ya miƙa wa abu yatsa ya cije shi don ya san ko yana da haƙori. Ya ce haka ubangidansa ya koya masa, kuma haka ya ci abinci da ita har ya aurar da 'ya'ya.

Ba mu yi arziki da sana'ar ba, ba mu kuma kwana da yunwa ba. Da shekaru suka tura, yaran da ya koyar suka watse, wasu suka koma haya da babur, wasu suka tafi birni. Sababbin motoci masu na'ura a ciki ba sa tsayawa a ƙofarmu, Kano ake kai su. Abin da ya rage masa tsofaffin akori-kura ne na manoma, masu ɗaukar buhuna da awaki ranar kasuwa. Sai kuma abu guda da ya fi ƙarfin kuɗi a wurinsa. Tun da ya kafa rumfar nan, ana jawo mota da igiya a kawo masa, amma ba a taɓa ɗaura wa mota igiya an ja ta daga ƙofarsa ba. Duk wadda aka kwance a nan, da ƙafarta take fita. Direbobin hanyar Rogo sun san da haka, har sukan ce ƙofar Malam a shiga da igiya, a fita da hayaƙi. Bai taɓa faɗin maganar da bakinsa ba. Amma na zauna da shi, na san a kanta yake tsaye.

Shekarar da nake magana, tun farkon damina na lura da wasu abubuwa. Randa ba ta kai masa yamma, shan ruwa yake kamar raƙumi. Ya rame ba ciwo. Ƙiyashi suka riƙa taruwa a makewayi a inda yake tsugunawa. Wata rana ya dawo daga masallaci da takalmi ƙafa ɗaya, bai san inda ɗayan ya zame ba. Wata rana kuma garwashi ya faɗo daga kasko kan tabarma, ya sa yatsu ya ɗauka yana ci gaba da yi mini zance. Ni ce na ji ƙaurin fata na buge masa hannu.

Na ce, "Malam, ba ka ji ba?"

Ya ce, "Hannun bakanike ai kanta ce. Ke da kike ɗaukar tukunya daga wuta ba tsumma, wa ya kai ki asibiti?"

Na ƙyale shi, domin na san shi. In aka tura shi gabas, yamma yake yi. Amma na ƙara buɗe kunne, sai na gane abin da ya daɗe yana damuna ban san sunansa ba. Rumfar ta yi shiru. Ana bugawa, ana hira, ana saukar da ƙarfe, amma tun da ruwa ya sauka ban ji ya ce ja'ira ba. Motar da duk aka kawo da matsalar wuta, hukuncin ɗaya ne: kwayil ya yi sanyi. Wasu in an sa sabo, aka goge nan aka ɗaure can, sai su tashi, a ce Malam ya yi aiki. Shi kuma ya shigo gida yana faɗan kayan zamani, wai duk jabu ne, wai wutar da ma ta fi ta yanzu zafi.

Ana cikin kaka aka jawo wata akori-kura fara, ta wani magidanci daga Ruwan Bago. Ubansa ma nan yake kawo gyara tun yana raye, shi ya sa da motar ta mutu masa a hanya bai juya da ita gida ba, ya ce a kawo ta Karaye wurin Malam. In an murɗa makulli injin yana juyawa lafiya, gur-gur-gur, amma ba ya kamawa. Na ji Malam ya duba fetur, yana zuwa. Ya zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya, babu wuta a ko ɗaya. Sai ya koma baya kan wayar kwayil mai kauri. Ya ce, "Buga." Aka buga. Na dakata da tankaɗe ina saurare. Shiru.

"Akwai ta, amma kamar cizon sauro," in ji shi. "Wannan ba za ta kai fulogi ba. Kwayil ne."

Mutumin ya aika Kano aka kawo sabo. Aka ɗaura, aka buga, cizon sauro. Malam ya ce an cuce shi, jabu aka ba shi, ya kira mai shagon da sunan da ba zan maimaita ba. Aka sake aikawa wani shagon. Shi ma aka ɗaura, mota ta ƙi. Batir ya gaji da juyi, aka kai shi caji aka dawo da shi. Kwanaki suka yi ta tafiya, ga gyaɗar mutum a tare a gona, ga masara tana jiran a kwaso.

Wata la'asar na ji sallamar mai motar. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi ƙarfin jiki, ya ce a gaida Inna, wato ni. Daga tsawon gaisuwar na san da magana a bakinsa.

"Baba, don Allah kada ka ga rashin kunyata. Wallahi ba don kaina ba ne. Amfanin nan ba nawa ne ni kaɗai ba, da na ƙannena da na maƙwabta, duk ni suke jira. Sun matsa mini in kai ta wurin yaran nan na Rogo Sabon Gari, ko Allah zai sa a dace."

Malam ya ce, "Yaran da na ci sunan ubanninsu?"

"Su fa, Baba. Ai ko sun gyara, albarkacinku ne."

"Kai dai ka ce tsoho ya gaza."

"Subhanallahi, ni na isa? Gobe da hantsi zan zo da wata motar da igiya. In Allah ya sa ta tashi kafin nan, ai shi ke nan, igiya ta koma gida."

Malam ya tashi ya shigo gida. Da magariba na ajiye masa tuwo, ya sa hannu sau biyu ya ture. Na zauna daga gefe ina kallon hannun. Na yi niyyar magana, na auna, na fasa. In na ce masa yatsanka ne ya mutu ba kwayil ba, zai ce me mace ta sani a kan wuta, kuma da gaskiyarsa, domin ban taɓa taɓa injin ba. Ni ma zato nake, ba sani ba. Zato kuwa ba a ɗora wa mutum shi a kan abin da ya ginu a kai. Sai dai na san in aka ɗaura wa motar nan igiya a gaban mutane, ba motar kaɗai za a ja ba.

Da gari ya waye, bayan ya dawo daga masallaci, na ji ya ɗaga murfin injin. Rana ba ta gama fitowa ba, hanya ba kowa sai masu tafiya gona jefi-jefi. Na yafa mayafi na zaga ta zaure. Na daɗe da wuce shekarun kulle, ina zuwa suna da ta'aziyya, amma ƙafata ba ta taɓa taka cikin rumfar nan ana aiki ba. Ya ɗago ya gan ni.

"Lafiya, 'yar Yola? Wani ya mutu ne?"

"Ba wanda ya mutu. Na ga kai kaɗai ne, ba mai buga maka. Nuna mini yadda ake murɗawa."

Ya dube ni kamar zai kore ni, amma bukata ta fi ƙarfin girman kai. Ya buɗe ƙofa, ya girgiza sandar giya ya tabbatar motar ba za ta zabura ba, ya nuna mini makullin. Na hau da bismillah na zauna a inda direba yake zama. Kujerar tana warin gyaɗa da gumi.

"In na ce buga, ki murɗa dama ki riƙe. In na ce saki, ki saki. Kada ƙafarki ta taɓa komai."

Ta ƙarƙashin murfin ina hango shi. Ya zare wayar nan mai kauri, ya ɗora yatsa. Ya ce buga, na murɗa. Motar duka ta girgiza a ƙarƙashina. Na ga hannunsa yana ɗan motsi, tsik-tsik, kamar na mai barci, amma fuskarsa ba ta sauya ba.

"Saki. Kin gani ko? Cizon sauro. Shi ma sabon na biyun jabu ne."

Na sauko. Na ce, "Zo ka zauna ka buga, ni in riƙe."

"Ki riƙe me?"

"Wayar."

"Kin haukace ne da tsufanki? Wuta ce fa."

"Kai ka ce cizon sauro ne. Sauro ya cije ni tun ina goye ban mutu ba. In kuwa ta fi sauro, to ka faɗa mini yanzu."

Ya tsaya da wayar a hannu. Na ga yana neman hanyar fita, babu. In ya hana ni, ya ƙaryata yatsansa. In ya bar ni, ya yarda da shi. Ya zaɓi yatsansa, kamar yadda na san zai yi. Ya miƙo mini wayar, ya nuna mini bakin ƙarfen, ya zaga ya shiga mota yana gunaguni a kan matan da ba sa zama a inda aka ajiye su.

Na ɗora manuniyata. Na ce, "Buga."

Ban san yadda zan kwatanta abin ba. Kunama ta taɓa harbina, amma kunama wuri ɗaya take kamawa. Wannan ta shiga ta yatsa, ta bi gwiwar hannu, ta daki kafaɗa, har haƙorana suka haɗu. Kafin in san me ake ciki ina zaune a ƙasa cikin baƙin mai, mayafina a can gefe. Abin da ya fito daga bakina kuwa, ban shirya shi ba, ban taɓa furta shi ba a rayuwata. Na ce, "Ja'ira!"

Malam ya fito a guje ya tsuguna a kaina yana salati. Ya kama hannuna yana juyawa. Da ya ga ina numfashi ina harararsa, sai ya daina salatin. Ya ce a hankali, "Ƙwarai ta cije ki?"

"Har cikin haƙori."

Ya saki hannuna. Ya koma ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ya ɗauki guntun siririyar waya daga ƙasa, ya dafa tsininta a kan yatsan nan nasa, ya danna yana kallo. Ya ci gaba da dannawa har jini ya tsatso. Bai ko ƙifta ido ba. Ya daɗe yana duban ɗigon jinin kamar a hannun wani yake.

Ban ba shi haƙuri ba. Ban iya ba, kuma lokacin ba na haƙuri ba ne, rana tana ɗagowa. Na tashi na karkaɗe zanena. Na ce, "Kai kake cewa wuta sawunta ake bi, ba a tsallake gida. Ta fito daga kwayil da ƙarfinta, ni shaida ce. A fulogi kuma ka ce babu ita. Wane gida ne a tsakani?"

 Ya share yatsan a rigarsa, ya miƙe, ya je ya ɓalle hular distiributa. Ya ɗago ta yana juyawa kusa da fuska, ya kai ta nesa, ya dawo da ita. A nan na gane idon ma ya fara tafiya. Ya miƙo mini ba tare da ya kalle ni ba.

"Fita da ita haske. Goge cikinta. Ki duba ko za ki ga wani zane, ko tsaga, komai ƙanƙantarsa."

Baƙar roba ce mai tauri, kamar ƙaramar akushi, da 'yan ƙarafa a ciki. Na goge da bakin zane, na karkata ta wajen rana. Da fari ban ga komai ba. Can sai na hango wani layi siriri kamar gashin jariri, ya taso daga ƙarfen tsakiya ya gangara har baki. Na bi shi da farce, farcen ya maƙale. Na kama yatsan Malam na ɗora a wurin. Ya girgiza kai, bai ji ba.

Ya ce, "Nan take zurarewa. Wuta raguwa ce, kamar ruwa a kwalbati. In ta sami tsaga ba za ta wahalar da kanta zuwa fulogi ba, sai ta bi nan ta shige ƙarfe."

Akwai wani buhun tarkace a kusurwar rumfar da na sha roƙonsa ya sayar wa masu gwangwan. Ya zazzage shi, ya tono wata tsohuwar hula irin ta motar. Ya ba ni na duba, ba tsaga. Ya mayar da wayoyin huɗu kowace a raminta, yana ƙirga jerinsu a baki kamar mai jan carbi. Sannan ya yi abin da ban sa shi ba. Ya kwance sabon kwayil, ya ɗauko na asali wanda ya yanke wa hukuncin mutuwa, ya mayar da shi mazauninsa.

"Hau ki buga."

Na murɗa. Ta yi gur-gur sau biyu, ta yi tari, sai ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe rumfar, kajina suka watse. Na saki makulli na sauko da sauri, na shige gida kafin mutane su fara taruwa.

Da hantsi mutumin Ruwan Bago ya iso da motar da za ta ja tasa, da igiyarsa a naɗe. Ya tarar da tasa tana aiki ita kaɗai. Ta bango na ji yana ta kabbara yana cewa ai dama ya faɗa wa ƙannensa. Ya tambayi abin da ya same ta. Malam ya ce, "Hula ce ta tsage. Kwayil ɗinka lafiyarsa lau, na mayar maka. Na ɗora masa laifin da ba nasa ba, na kuma zagi mutanen da ba su cuce ka ba. Sababbin ka bar su a wuyana." Iya abin da ya faɗa ke nan. Batun yatsa bai ambata ba, ni ma ban ambata wa kowa ba sai yanzu da ba abin da zai rage masa.

Motar ta fita da ƙafarta. Amma Malam ya yi kwanaki ba ya haɗa ido da ni. Yana cin tuwona, yana amsa gaisuwata, shi ke nan. Na lura namiji ya fi saurin yafe wa wanda ya zage shi a kan wanda ya gan shi. Ban bi shi da magana ba. Da kansa wata safiya ya sa babbar riga ya ce wa ɗanmu ya raka shi asibiti. Suka dawo da sunan ciwon, suga, da ƙwayoyi, da jerin abubuwan da zan daina sa masa a kwano. Likita ya ce abin da ya tafi daga yatsu ba lalle ya dawo ba, sai dai a tsare abin da ya rage.

Daga nan aikin rumfa ya sake. In an kawo mota mai matsalar wuta, sai ya leƙo zaure ya ce, "'Yar Yola, ara mini idonki." Ina da wani tsohon baƙin mayafi mai kauri. Mu lulluɓa shi a kan injin ya yi duhu, ya riƙe wayar da filaya kusa da ƙarfe, in sa kaina ciki in faɗa masa launi. Shuɗi, ko ja, ko babu. Direbobi suka yi ta tsokana, wai Malam ya ɗauki sabon yaron gareji mai jikoki. Na ce wa ɗayansu in ya ƙara zan sa shi ya riƙe wayar da harshe. Ni dai ban sake taɓa ta ba, sau ɗaya ya ishi mai hankali. Haka muka bi tarin kwayil ɗin da ya kashe tun farkon daminar nan ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu shuɗi suka ba mu. Waɗanda ya tuna masu su ya aika musu da abinsu.

Mun yi 'yan shekaru a haka. Idonsa ya ci gaba da raguwa, har ya zamana sufana ma sai ya lalubo. Wata ranar kasuwa na ji an jawo mota an tsaya a ƙofa. Na ɗauko mayafina ina jiran kira. Sai na ji ya fita, ya gaisa da su, ya sa an buga ya saurara. Wani ya sunkuya zai kwance igiya, Malam ya ce, "Bar ta a ɗaure, ɗana. Kada ka kwance. Ku wuce da ita Rogo Sabon Gari, ku ce wa yaran su fara da hula kafin su taɓa kwayil." Suka roƙe shi, ya ce ya gama magana. Na ji ƙarar motar da ke jan ta tana nisa. Ba a kwance ta a ƙofarmu ba, don haka ba daga ƙofarmu aka ja ta ba. Na ninke mayafin na mayar cikin adaka.

Da yamma na dafa masa ruwan wanka na kai makewayi. Tun ranar akori-kurar nan ni nake sa hannu in gwada masa zafinsa, amma a ɓoye nake yi, in sirka kafin ya fito, don kada ya ga ana yi masa abin da ake yi wa jariri. Ran nan ya riga ni isa. Ya tsaya a kan bokitin yana kallon tururi, ya miƙa hannu, sai ya janye. Ya juyo ya ce, "Taɓa mini, 'yar Yola."

Na taɓa. Na ce ya yi zafi, ya jira in kawo na sanyi. Ya tsaya ya jira.